Baƙar Ƙasar Gindin Durumi

Yaran unguwar nan ta Tudun Wada sun sa mini suna, suna tsammanin ban sani ba. Na sani. In na fito da sandata na zauna a dakali sai in ji ana raɗa cewa mai faɗa ta fito, kowa ya nemi takalminsa. Ba na jin haushi. Filin nan na gabanmu da suke buga ƙwallo, ina kallonsa tun yana gonar gyaɗa. Yau gefe guda juji ne, gefe guda kwata ta ɓalle tana malala, karnuka da awaki a ciki suke wuni, kuma akwai masu tsugunawa bayan katangar nan da ba a ƙarasa ba, su yi abin da ya kawo su su tashi kamar ba su ba. Hantsi na yi sai uwa ta miƙa wa 'yarta jariri mai rarrafe ta ce a je fili a yi wasa. To ni da na ga abin da na gani, in yi shiru? Makon jiya aka kawo mini labarin an sare durumin tsohuwar unguwarmu ta cikin gari, wai shaguna za a gina a wurin. Tun ranar nake juya abin a raina, na ce gara in faɗe shi tun bakina na iya faɗa.

Gusau ɗin da na buɗe ido na gani ba wannan ba ce. Jirgin ƙasa bai iso ba tukuna, inda ake kira Sabon Gari yanzu gonaki ne da saura, in rana ta yi sanyi ba a aiken yaro can. Muryar ladan ke tashinmu, muryar da Allah Ya ba shi ba lasifika, daga nan zakara, daga nan taɓarya. Gida ɗaya zai fara, na kusa ya amsa, kafin gari ya gama wayewa unguwa duka ta ɗauki lugude, har daga ɗaki kana iya gane dakan kowace mace. Na Innarmu a hankali yake kamar mai tunani, na matar maƙeri kuwa sai ka ce turmin ya yi mata laifi. Mu 'yan mata ba mu san zama ba. A share tsakar gida, a tafi gulbi da tulu, a dawo a yi surfe, a kai fura gona, a zauna gaban tsofaffi ana gurzar auduga ana koya mana kaɗi, zare na tsinkewa a ƙwanƙwasa miki mazari a ka. Yau yarinya ta murɗa famfo ta ce ta gaji. Ban ce a koma tulu ba, wuyana bai manta shi ba har yanzu, amma dai mu aiki ya koya mana duban abin da ke gabanmu, ko da yake ni sai da na kusa yin asara kafin in koya.

A gidanmu akwai Baba, manomi mai ɗan kiwo, da Inna, da kakata uwar Baba wadda muke kira Iya. Mutuniyar Tsafe ce, aure ya kawo ta, kuma har ta koma ga Allah tana cewa mutanen Gusau laushin ƙasa ya sangarta su, su can a kan dutse aka yanke musu cibi. Ba ta dariya sai da dalili. Tsakanina da ƙanwata Inna ta binne uku, ba wanda ya kai yaye. Shi ya sa da wannan ta tsaya har aka cire ta daga nono, gidan duka lallaɓa ta ake yi kamar ƙwai. Ita ta zama autarmu, Auta kuma ake ce mata har yau. Yadda aka saba, da aka yaye ta sai aka mai da ita ɗakin Iya, ni kuma da ban fi shekara tara ba a ƙiyasina aka ɗora mini goyonta da rana.

Dandalinmu fili ne tsakanin masallacin unguwa da ƙofar gidan mai unguwa, ga durumin nan a tsakiya, inuwarsa ba ta barin rana ta taɓa ƙasa. Komai na unguwa a nan yake. Wanzami a nan yake aski, mai ƙosai a nan take girka kaskonta, masaƙa biyu na gefe kana jin ƙaf-ƙaf ɗinsu wuni guda, dattawa su shimfiɗa buzu bayan la'asar, mu yara kuma mu ne masu wurin daga hantsi zuwa azahar. In an gama girbi ya zama fagen kokawa, har daga Bungudu ƙarfafa ke zuwa da makaɗansu. Sai dai ruwan shekaru ya zaizaye filin, tsakuwa ta fito, saiwoyin durumi suka taso kamar haƙarƙarin tsohon jaki. A kokawar wata shekara aka kayar da ɗan mai unguwa a kan saiwa, kafaɗarsa ta goce, mai unguwa ya rantse ba za a sake ba.

Da bazara, kafin ruwa ya sauka, ya kira gayya a cike dandali. Yashin gulbi na da nisa, jakuna kuma duk suna kai taki gona. Amma ga gindin ganuwa nan kusa, inda tsohon jujin unguwa yake, inda kuma babba da yaro ke zagawa in buƙata ta kama, don a lokacin gidajen da suka haƙa shadda, wato masai, ba su da yawa. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, mai laushi kamar gari, ba tsakuwa ko ɗaya. Manoma har faɗa suke yi a kanta, kuma mai unguwa ke da rabo mafi tsoka. A shekarar ya ce ya bar wa jama'a nasa, a zuba a dandali. Aka yi ta sa masa albarka, ana cewa ga mutumin da ya hana gonarsa ya ba unguwa. Da ganga da kirari aka kwashe ta a mangala da kwanduna, aka baje, aka daɓe. Ba wanda ya yi nufin mugunta. A wurinmu duk abin da ya daɗe a ƙasa ya zama ƙasa, magana ta ƙare.

Mu yara muka samu abin da muke so. Da ruwa ya sauka ƙasar ta yi danshi, inuwa ta hana ta bushewa, ban taɓa ganin wadda ta kai ta daɗin tuwon ƙasa ba. Mukan mulmula ta a sakaina, mu yi miya da ganyen tafasa, mu gina rumbuna da ɗakin amarya. Ni kuma ga goyo mai nauyi da kuka, don ɗan yaye ba ya rabuwa da ƙorafi. Sai in kwance ta in zaunar a gefena. Ran nan na juya na ga ta ɗebi tuwona ta kai baki, ta yi shiru, irin shirun da ban taɓa samu daga gare ta ba. Na farko na ƙwace. Na biyu ban ƙwace ba. Daga baya, Allah Ya yafe mini, ni da hannuna nake mulmula mata 'yar loma in ajiye gabanta don in samu in yi carafke da ƙawayena. In za mu koma gida in share mata baki da gefen zanena, in sake goya ta, in shiga da sallama kamar mutuniyar kirki.

Kafin marka ta yi nisa yaran unguwa suka fara susa. Tsakanin yatsun ƙafa ne ke fara ƙaiƙayi, ya yi ƙuraje, aka ce ai ruwan damina ne. Sai tari, sai ciwon ciki. Mu manya-manya muka jure, Auta ba ta jure ba. Cikinta ya zama tulu, hannu da ƙafa suka koma sillen kara, gashinta ya yi ja ya fara zuba, fatarta ta ɗashe kamar an shafa mata toka. Ta daina kuka, wannan ne ma ya fi tsorata Inna. Aka yi rubutu aka ba ta, aka yi turare, wasu suka ce iskar durumi ce ta shafe ta. Iya ba ta musa wa kowa ba, ta dai bi hanyar da ta sani. Ta daka 'ya'yan gwanda, ta jiƙa sassaƙen maɗaci, ta ɗura mata. Abin da ya fito daga cikin yarinyar nan washegari ba na son kwatantawa. Macijin ciki ne, farare, dogaye, a dunƙule kamar abawar da ta harɗe. Inna ta yi hamdala. Auta ta ɗan farfaɗo, ta fara shan kunu, aka ce ai sai ta riƙa shan iska, aka sake ɗaura mini ita. Ni kuwa ina na sani in ba dandali ba? Ba a yi wata biyu ba ta koma, ta fi da lalacewa, wannan karon har fuska da ƙafafu suka kumbura. Iya ta sake ɗura mata, tsutsa ta sake fita, yarinya ba ta tashi ba. Na ji Inna na gaya wa matar maƙeri cewa ita ta san hanyar nan, ta bi ta sau uku. Baba ya daina cinye tuwonsa.

Akwai wata Bafillata da ke kawo mana nono ranar kasuwa daga rugarsu ta wajen Rawayya, tsohuwa siririya, Dada muke ce mata. Ita da Iya ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba. Iya ta ce nonon rabinsa ruwan gulbi ne, Dada ta ce Kaɗo, wato Bahaushe, ba ya sanin nono mai kyau ko an ɗura masa. Duk daminar ba mu gan ta ba, sun matsa da shanu nesa da gonaki, sai da aka fara yankan gero ta dawo. Ta shigo da tsiyarta a baki, ta ga Auta kwance a tabarma, ta haɗiye. Ta sauke ƙwarya ta durƙusa, ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ciki fari fat. Ta buɗe bakin ta duba dasashi. Ta danna ƙafar da ɗan yatsa, ramin ya tsaya bai cike ba. Ta tambayi abin da aka ba ta, Iya ta faɗa, Dada ta ce maganin daidai ne, su ma maɗacin suke ba maruƙa. Sai ta ce, "To ina take wuni?"

Inna ta ce a bayan yayarta, ko ƙasa ba ta takawa. Dada ta kama ƙafar yarinyar. Ta buɗa yatsun ƙafar Auta ɗaya bayan ɗaya, ga tabon ƙuraje nan jere, sannan ta ɗago ta dube ni. Iya ta bi idonta. Ta ce, "Ke, mi kika sani?"

Na faɗi duka, har lomar da nake mulmulawa. Ina faɗa ina shessheƙa, ba wanda ya ce in yi shiru. Dada ta tambayi inda aka samo ƙasar dandalin, da aka gaya mata ta riƙe haɓa. Ta ce su ko maraƙi ba sa barinsa wata guda a dangwali ɗaya da damina, wato igiyar nan da suke ɗaure maruƙa a jere, don inda ya yi kashi nan ciwon ke kwanciya, daga nan kuma yake komawa bakinsa. Sai su cire igiya su kai sabon wuri, tsohon su zuba masa kara su sa wuta. Ta ce ita ba ta taɓa ganin abin da ido ba, amma uwarta ta gaya mata, kuma duk wanda ya yi ƙyuyar tayar da dangwali ya binne maruƙansa. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Ku Haɓe kun kwaso abin da kuka zubar kun shimfiɗa wa 'ya'yanku. Magani na fitarwa, ƙasa na mayarwa."

Na tsaya ina jiran duka. Da an dake ni da na ji sauƙi. Iya ta kira ni ɗakinta ta zaunar da ni, ta dube ni ta ce, "Ido anka ba ki, ba don kwalli ba. Daga yau ɗiyar ga ba ta taɓa ƙasa. In ta mutu, ni da ke mun san dalili. In ta tashi, ba mai sake tada wagga magana cikin gidan ga."

Na gida ke nan. Saura dandali, don ba Auta kaɗai ba ce, a wannan makon 'yar ɗaya daga masaƙan nan ta rasu da irin wannan kumburin. Iya ta ce Baba ya je ya gaya wa mai unguwa. Baba ya je ya dawo bai faɗa ba. Ya ce da wane baki zai dubi dattijo ya ce masa kyautar da aka yi wa kiɗa ƙazanta ce, kuma a kan maganar mai tallar nono? Ya dai ɗan gutsura wa abokansa, su kuma suka ce ƙasar ta sha rana ta sha ruwa, me ya rage a cikinta. Maganar ta kai kunnen liman, ya ce cuta da waraka na Allah ne, a yawaita sadaka. Iya ta ji duka. Washegari bayan la'asar ta yafa mayafinta, ta ɗora mini ƙwarya rufe da faifai, ta ce mu je. Mace mai ƙuruciya ba ta isa ta tunkari majalisar maza ba, amma tsohuwa irin Iya ta wuce wannan, rabinsu ita ta yi musu wanka suna tsumma.

Muka same su a gindin durumi kan buzayensu. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya-ɗaya ba gaggawa, har da tambayar gero. Mai unguwa ya ga ƙwarya ya ce yau sun tashi da sa'a, furar mutanen Tsafe ta fito. Iya ta ce ba fura ba ce, tambaya ta kawo wa Malam. Ta ce ga ta ta tsufa, sanyin ruwa na shiga gaɓoɓinta, shin ko an yarda mai irin lalurarta ta yi taimama? Liman ya gyara zama, dama yana son a tambaye shi. Ya ce an yarda, addini sauƙi ne, in dai ƙasar mai tsarki ce. Ta ce madalla, ta sa na sauke ƙwaryar gabansa, ta ɗage faifan. Baƙar ƙasa ce cike, da danshinta.

"Ga ƙasa, Malam. Gwada mini yadda ake yi."

Ya naɗe hannun riga, ya miƙa tafukansa, har ya kusa taɓawa sai ya tsaya. Ya tambayi ina ta ɗebo. Ta ce nan, kusa da buzunsa. Na ga hannayen nan sun koma cikin riga a hankali.

"Wagga ba ta yi, Iya."

"Don mi?"

"Kin san inda anka kwaso ta."

"Ai na ji an ce ta zama ƙasa."

Iya ta nuna ƙwaryar. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Abin da ba ka yarda ka shafa ga goshinka ba, shi jikata ta ci damina guda. Ku kuma bisanta kuke zama, ku tashi ku shiga masallaci." Sai na ga dattawa na satar kallon tafin ƙafafunsu. Liman mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa. Ya yi 'yar dariya ya ce tsohuwa ta yi musu tarko da littafinsu, kuma gaskiya ce ta faɗa. Mai unguwa kuwa fuskarsa ta haɗe, na ce yau za a kore mu. Amma Iya ta san inda za ta sassauta. Ta juya gare shi ta ce kyautarsa ba ta ɓaci ba, masauki ne aka ɓata mata, ƙasa ce ta gona, gonarsa kuma damina guda tana kewarta, in an mayar masa da ita baɗi dawarsa sai ta fi ta kowa. Ya ja gemu, sannan ya ce mutanen Tsafe ko gaisuwa za su yi maka sai sun haɗa da dutse. Aka yi dariya, dariyar da kowa ke nema. A nan aka sa ranar gayya ta biyu.

Wannan gayyar ba a yi mata kirari ba. Aka kankare baƙar ƙasar har sai da ja ta fito, aka kai ta gona can nesa. Aka sassare rassan durumi na gefen gabas don rana ta samu hanya, tsofaffi na ta a'uziyya kada iskokin itacen su yi fushi, ba kuwa abin da ya faru. Aka jibge karan geron da aka yanka aka sa wuta, hayaƙi ya cika unguwa, mai ƙosai ta yi kwana uku tana mita. Aka hana yara wurin har gulbi ya janye, sannan muka yi ta jidar yashi, maza da jakuna, mu da ƙore a ka. Da kokawa ta zo 'yan Bungudu suka ce ba su taɓa faɗuwa a fage mai daɗin wannan ba, Iya ta ce dama nisa aka gudu tun farko. Baba ya haƙa shadda a bayan ɗaki, gidaje da dama suka bi, wasu ba su bi ba. Iya kuma ta samu sabon aiki, kullum da hantsi tana bakin dandali da mazarinta da tsumagiya, duk yaron da ya ɗaga riga zai tsuguna ya san sauran.

Ni ban ga yawancin wannan ba sai a labari, ina gida da Auta. Aka ɗora ta a gadon kara, ni a gefenta daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ban san ƙasa na da kwaɗayi ba sai a lokacin. Yarinyar da ba ta iya ɗaga kai sai ta lallaɓa ta kai hannu bango ta ƙwaƙulo, in riƙe hannun, ta cije ni, in sake riƙewa. In wanke mata hannu da ruwan toka kafin ta ci komai, in wanke nawa. Ina jin muryoyin ƙawayena a waje suna waƙar gaɗa, ba na ko leƙawa. Dada ta riƙa kawo madara ba ranar kasuwa ba ma, ta ce a nemi hanta a ba ta, Baba ya zama abokin mahauta. Inna na dafa zogale tana tacewa. Iya ta sake ba ta maɗaci sau ɗaya, kaɗan, don ta san ya fi ƙarfin jikin. Kwanaki suka yi ta tafiya ba gaba ba baya. Sai kumburin ya fara saɓewa. Sai ran nan ta yi kuka, kuka sosai mai cika gida, saboda na hana ta ludayi, Inna ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa tana dariya da hawaye. Da Dada ta zo ta ja fatar idon, ta daɗe tana dubawa, ta ce jini ya dawo gida. Daga nan ta juya ta ce wa Iya nonon yau ba ragi, tunda an ga amfaninsa, suka koma tsiyarsu.

Shekarun baya wata 'yar maƙwabtanmu da ke aikin asibiti ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce tsutsar ƙwai take yi, ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita, suna fita da bayan gida su zauna cikin ƙasa mai danshi, wasu su shiga ta baki, wasu su huda tafin ƙafa su je su yi ta shan jini. Na ce mata na ji wannan karatun tun kafin a haifi kakanta, a bakin wadda ba ta da madubi sai na maruƙa. Amma ban raina nata ba. Yau ƙwaya ɗaya ake ba yaro ta yi aikin da maɗaci ke yi, ba tare da an kai shi bakin kabari ba, kuma ban ce kowa ya ɗura wa ɗansa abin da muka ɗura ba, mu rashin wani ne ya sa. Takalmin roba ya yi arha, mu sai ranar aure mace ke sanin takalmi. Masai ya shiga kusan kowane gida. Abin da ya rage kaɗan ne, shi ne a samu mai dubawa, kuma ana samu. Samarin nan masu ƙwallo da nake yi wa faɗa, bana da kansu suka haɗu suka kwashe rabin jujin suka tone wa kwata hanya, suka je suka yi wa mai katanga magana har ya sa ƙofa. Ban yabe su a gabansu ba, kada su sangarce, amma na aika musu da kunun zaƙi.

Iya ta cika alkawarinta. Har aka yi mini aure, har ta rasu, har Inna da Baba suka bi ta, ba a sake tada maganar a gidanmu ba. Auta ta yi aure a Bungudu, ta haifi goma, takwas sun rayu, yanzu tana da tattaɓa-kunne, haƙoranta uku suka rage kuma da su take cin goro. Da ƙaramar sallar da ta wuce aka kawo mini ita a mota ta kwana biyu. Muna zaune mu kaɗai na ga ba wanda ya rage da ya san abin sai ni, na ce ba zan tafi da shi ba, na gaya mata duka, na ce ta yafe mini. Ta saurara har na gama, ta tofar da goro, ta ce ita dai tun tana yarinya an san ta da ƙyanƙyami, ko tuwon da ƙuda ya taɓa ba ta ci, balle ƙasar juji. Ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni, wataƙila 'yar wani gidan ce nake tunawa. Na ce ga tabon haƙoranta a hannuna. Ta kama hannun ta kai kusa da ido ta duba, ta ce wannan cizon akuya ne.

Na bar ta. Wadda ta rayu har ta yi musu, me kuma zan nema a wurinta?